Kwana 19 a kwance, wata 14 ina neman ƙafafuna

Ranar da nas ta yaye mayafin da aka rufa min zata goge min jiki, na kalli ƙafafun dake miƙe a kan gadon, wallahi sai da na ɗauki lokaci kafin na yarda nawa ne. Gwiwa ta fito kamar ƙulli a tsakiyar sanda, cinya babu komai sai fata tana reto, ƙwaurin nan kuwa da hannu ɗaya zaka kama shi ka zagaye. Na so in ɗaga ƙafar dama in tabbatar, nayi nufi, na sake yin nufi, ko motsi bata yi ba. A lokacin roba na cikin maƙogwarona bana iya magana, sai hawaye kawai ke bi ta gefen kunnena, ita kuma nas ɗin ta ɗauka ciwo nake ji, tana ta sannu Malam, sannu, yanzu zan gama.

Shekarata 44 lokacin. Malamin kimiyya ne ni a makarantar sakandare, mutum ne mai tsayuwa a gaban allo tun safe, ƙarshen mako kuma ina ɗan buga ƙwallo da abokai, nauyina kilo 78 kuma ba tumbi bane, jiki ne. Abun ya fara ne da zazzaɓi da tari, na share kwana huɗu ina cewa zai wuce, a na biyar numfashi ya gagara. Nimoniya ce ta cinye huhu biyun, ƙwayoyin cutar suka shiga jini, jini ya faɗi ƙasa, ƙoda ma ta fara taɓuwa. Daga nan aka wuce dani ɗakin kulawa ta musamman, wanda ma'aikatan ke cewa ai-si-yu, aka sa min maganin barci aka jona ni da injin numfashi. Kwana 12 nayi a kan injin, kwana 19 gaba ɗaya a ɗakin.

Kwana takwas na farko ba ni da su a kaina, duk abinda zan faɗa a kansu daga littafin maman yara ne. Wani ɗan ƙaramin littafin rubutu ta samu tana rubuta komai, me likita yace, nawa aka zuba a robar abinci, wa yazo, me injin ya nuna, har ranar da tayi kuka a bayan ƙofa ta rubuta. Allah ya saka mata da alheri, dan wannan littafin ne daga baya ya zama shine idona.

Abu na farko da ya yaudare su shine kumburi. Saboda ruwan da aka ɗura min dan a ɗago jini, jikina ya cika yayi taf, hannu kamar an hura, fuska tayi faɗi. 'Yan uwa na leƙowa ta gilashi suna cewa ai Alhamdulillah bai rame ba ma, jikinsa na nan. Ashe a ƙarƙashin ruwan nan tsoka ce ke narkewa kullum. Sai da ƙoda ta dawo aiki ruwan ya tsiyaye sannan gaskiya ta fito fili, kuma ranar da aka iya auna ni bayan na fito daga ɗakin kilo 63 aka samu. Kilo 15 sun tafi cikin ƙasa da sati uku.

A rana ta biyu aka zura min siririyar roba ta hanci har cikin ciki aka fara ɗiga min abincin ruwa irin na asibiti. A littafin ta rubuta cewa mil 15 kacal ake sakewa a awa ɗaya, cokali ɗaya kenan fa a awa guda, ta rubuta a ƙasa da babban baƙi, da wannan zai rayu? Bata iya haƙuri ba ta tare jami'ar abincin, wata mata mai natsuwa wadda har yau nake mata addu'a, tace mata dan Allah Anti ki ƙara masa, mutumin nan babba ne, yunwa zata kashe shi kafin ciwon. Matar ta zaunar da ita ta mata bayani, kuma ni da nake koyar da yara yadda jiki ke aiki sai da na karanta bayanin nan a littafin sau uku.

Tace mata a kwanakin farko na ciwo mai tsanani jiki yana cikin yaƙi ne, kuma shi da kansa yake fasa rumbunsa. Yana farfasa tsoka ya fitar da sinadaran dake cikinta ya kai wa hanta ta haɗa sukari da kayan yaƙi da cuta, kuma ko ka cika masa ciki da abinci a wannan lokacin bazai daina wannan fasawar ba. To idan ka zuba masa cikakken abinci a kan wanda yake samarwa da kansa sai abun yayi yawa, sukari ya hau, hanta ta wahala, ciki ya ƙi karɓa ya dawo da shi, in aka yi rashin sa'a ya gangara huhu. Shi yasa ake farawa da kaɗan da wuri dan hanji kar ya kwanta, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali bayan kwana uku zuwa sati. Daga baya na ga haka ne ma ƙungiyar masana abincin marasa lafiya ta Turai, ESPEN, ta tsara a 2019: a fara ba mutum abinci ta hanji cikin awa 48 in dai hali yayi, a kwanakin farko kar a wuce kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, furotin kuma, wato sinadarin gina jiki, a hau da shi a hankali har a kai giram 1.3 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. A nauyina wajen giram 100 kenan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne fa, ka lissafa ka gani.

Akwai kuma rigimar yayana. Yaya mutum ne mai son ɗan uwansa, kuma mai ɗaga ƙarfe ne tun ƙuruciya, to a rana ta huɗu sai gashi da ƙaton gwangwanin garin furotin irin na masu gina jiki, yace lallai a riƙa dama min ana zubawa a robar tunda ance tsoka ke tafiya ai maganin tsoka furotin. Har murya ta ɗan tashi a bakin ƙofa. Likitan yace masa Yallaɓai na fahimce ka amma ƙodar ƙaninka a yanzu bata iya fitar da dattin da ke cikin jininsa ma, in muka loda masa furotin ita zamu ƙara wa kaya. Yaya ya tafi da fushi da gwangwaninsa. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, hankali ma abinda zai baka kenan, kuma likitoci da yawa sun daɗe suna tunanin haka. Sai a 2023 aka fitar da wani babban gwaji mai suna EFFORT Protein a mujallar Lancet, marasa lafiya sama da 1,300 masu kan injin numfashi, wasu aka nufi basu giram 2.2 ko fiye a kowane kilo wasu 1.2 ko ƙasa, masu yawan basu riga sauran fita asibiti da rai ba, kuma alamu sun nuna masu matsalar ƙoda abun cutar da su ma yayi. Da na nuna wa Yaya wannan bayan na warke shiru yayi, can yace to Allah ya tsare.

Amma fa kar wani ya ɗauka komai ya tafi daidai. Abinda ya fi ɓata min rai a littafin shine yawan kashe abincin da ake yi. Haka ta riƙa rubutawa a kaina, za'a kai shi hoto, a kashe. Za'a juya shi, a kashe, a manta ba'a kunna ba sai bayan awa uku. Ana sa ran cire masa robar numfashi gobe, a kashe tun dare, goben tazo a fasa, kwana ya tafi a banza. Robar hanci ta toshe a rana ta tara, sai da aka kusan yini kafin a sa wata. Maman yara ta fara haɗa lissafi da kanta tana duba jakar abincin, ta gano akwai ranakun da abinda ya shiga cikina bai kai rabin abinda aka rubuta ba. A takarda ina cin abinci, a ciki kuwa babu. Bata yi faɗa da kowa ba, sai ta koyi tambaya ɗaya da take yi duk sanda aka barta ta shiga, Sista nawa ya samu tun safe? Tambayar nan kaɗai ta sa aka riƙa tunawa da kunna famfon, wani lokacin ma a ɗan ƙara gudunsa dan a cike giɓin.

A rana ta uku ko ta huɗu da fara abincin ta rubuta cewa an rage shi kuma saboda wani gishirin jini mai suna fosfet ya faɗi. Wannan ma abu ne da ya kamata masu jinya su sani, mutumin da ya kwana biyu baya cin abinci, kamar ni da na share kusan sati ina zazzaɓi ba ci, idan abinci ya dawo masa da ƙarfi sai fosfet da fotasiyam da magniziyam su ruga cikin ƙwayoyin jiki su bar jini fayau, zuciya na iya rikicewa, tsokar numfashi ta ƙara sanyi. Suka ƙara min su ta jijiya da bitamin B1, suka ja abincin baya na kwana biyu sannan aka ci gaba.

Sai maganar motsi, wadda ita ce ta fi tsaya min a rai.

Tun ina barci wani saurayi mai aikin gashin ƙashi, fisiyo kenan, yake zuwa yana lanƙwasa min gwiwa, ya miƙe, ya juya kafaɗa, ya tanƙwara idon sawu sama. Shi ya gaya wa maman yara gaskiya, yace Anti wannan da nake masa baya gina tsoka, tsoka sai mai ita ya matse ta da kansa take jin kira, wannan dai dan gaɓoɓi kar su ƙage ne, dan ƙafar da aka bari a saki tana kallon ƙasa sati biyu ko ya samu ƙarfi bazai iya dasa diddige ba. Ya koya mata yadda zata riƙe diddigena ta tura tafin ƙafar sama da damtsenta ta ƙirga ashirin, ya nuna mata inda zata tsaya, da layukan ƙarin ruwa da magani da bazata taɓa ba. Ranakun Asabar da Lahadi babu mai zuwa gashi sam, to ita ce ke yi da izinin nas ɗin dake aiki. Yau da nake taka ƙasa da diddige na san hannun wa ne a ciki.

Kullum da safe kuma suna rage maganin barcin su ga ko zan farka in bi umarni. A rana ta tara na matse hannun nas da aka ce in matse. A ta goma fisiyo yace yau zamu zauna.

Zama fa, a bakin gado, da robar numfashi a baki da layuka a wuya da robar fitsari da komai. Mutum huɗu suka taru a kaina, ɗaya na riƙe da robar, ɗaya na kallon injin, biyu suka ɗago ni suka sauke ƙafafun ƙasa. Kaina ya faɗo gaba kamar na jariri sabon haihuwa, wuyana ya kasa riƙe shi, bayana kamar an zare masa ƙashi, ɗakin na juyawa, zuciya na dukan uku uku. Ana cikin haka Hajiya, mahaifiyata, ta hango ta gilashi. Ance kuka ta fashe da shi tana cewa ku ji tsoron Allah ku kwantar min da yaro, mutum na fama da ransa kuna wahalar da shi, ku barshi ya huta mana. Minti uku nayi a zaune, uku tak, suka mayar dani na kwanta kamar wanda ya yi dako yini guda.

Daga baya saurayin nan ya fita ya durƙusa ya gaida ta, yace Hajiya wallahi hutun ne ke cinye shi. Yace mata ko mai lafiya garau aka kwantar a gado ba tashi sai ƙafarsa ta zube, balle wanda cuta ke ci ta ciki. Kuma gaskiyarsa, a 2007 an gwada da wasu dattawa masu lafiya a Amurka, kwana 10 kawai suka yi a kwance suna cin abincinsu daidai, suka rasa kusan kilo guda na naman ƙafa. A Landan kuma a 2013 wasu likitoci sun riƙa auna tsokar gaban cinya da sikanin a jikin marasa lafiya 63 dake irin ɗakin da na kwanta, zuwa rana ta 10 kaurinta ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100, kuma waɗanda gaɓoɓin cikinsu fiye da ɗaya suka gaza, irina kenan mai huhu da ƙoda, sun fi kowa asara. Hajiya bata san da waɗannan ba kuma bata buƙace su ba, ladabin yaron ne ya sauko da ita. Washegari ita da kanta take tambaya, yau an zaunar da shi kuwa?

Da na ɗan dawo hayyacina ya min wani gwaji, yana sa ni in ɗaga kafaɗa, in lanƙwasa gwiwar hannu, in ɗaga wuyan hannu, in ɗago cinya, in miƙe gwiwa, in ɗaga tafin ƙafa, dama da hagu, kowanne yana bashi maki daga 0 zuwa 5, cikakke 60 kenan. Yace duk wanda ya gaza 48 to yana da raunin da ake kamuwa da shi a wannan ɗakin. Na samu 36. Na matse wani ƙarfe mai agogo da duk ƙarfina ya nuna kilo 9, hannun da nake ɗaukar yara biyu da shi. Ya rubuta lambobin a littafin maman yara yace kar ki ji tsoronsu, daga nan zamu fara ƙirga.

Ba kullum ake cin nasara ba. Rana ta goma sha ɗaya ana ɗago ni jini ya faɗi, injin ya fara ƙara, idona ya yi duhu, nan take suka kwantar dani aka fasa, washegari ma a kan gado kawai muka yi, matse cinya, ɗaga hannu, tura ƙafa a jikin tafinsa. Na ji haushi a lokacin, gani nake kamar an mayar dani baya. Yanzu kam na san daidai suka yi. Akwai binciken 2009 daga Amurka da ake yawan kafa hujja da shi, mutum 104 a kan injin numfashi, waɗanda aka fara motsa su tun kwanakin farko kashi 59 cikin 100 sun bar asibiti suna iya yi wa kansu hidima, sauran kuwa kashi 35 ne, kuma kwanakin ruɗewa da sambatu sun ragu musu. Amma a 2022 wani gwajin da ya fi shi girma mai suna TEAM, mutum 750, ya nuna cewa matsa wa mutum ya yi motsi fiye da kima bai ƙara masa kwanakin zama a gida da rai ba, sai ma ƙarin matsaloli irinsu rikicewar bugun zuciya da faɗuwar iska a jini. Ni abinda na ɗauka a jikina shine kullum a yi wani abu, amma jikin ne zai faɗi iyakar ranar, ba zuciyar mai jinya ba kuma ba zafin naman mai gashi ba.

Wani abun da ban taɓa kawowa ba duk da ina koyar da shi a aji, ashe numfashi ma tsoka ce. Wannan faifan naman dake raba ƙirji da ciki, idan inji ya karɓe masa aiki cikin 'yan kwanaki yake sirancewa. Shi yasa raba ni da injin ya zama aiki, su rage taimakon na rabin awa in ji kamar ina jan iska ta cikin tsinke, su mayar, gobe awa ɗaya, jibi biyu. A rana ta 12 aka zare robar.

Kowa ya ɗauka an gama, har dani. To wallahi a nan ne na fi yin asara.

Da aka cire robar maƙogwaro muryata ta dishe, ruwa in na kurɓa sai ya sarƙe ni in yi ta tari, dan tsokar haɗiya ita ma ta kwanta. A ɗakin kulawar sun bar min robar hanci ana ci gaba da ɗiga abinci da dare, da rana kuma ana gwada ni da abu mai kauri cokali cokali ina zaune tsaf. Amma ranar da za'a mayar dani ɗakin kwanciya na gama-gari ni da bakina na roƙa a cire min ita, ta dame ni, tana ƙaiƙayi, kuma gani nake ita ce alamar ban warke ba. Aka cire. A sabon ɗakin nas ɗaya ce da marasa lafiya barkatai, za'a ajiye abinci a gefen gado a dawo a ɗauke, babu mai duba nawa aka ci. Ni kuma bakina ba ɗanɗano, komai kamar ƙarfe, cokali uku na ƙoshi, hannun ma kafin ya kai baki sau biyar ya gaji yana rawa. Fisiyo sai bayan kwana biyu ko uku ake ganinsa saboda yawan mutane. Cikin sati ɗaya na sake sauke kilo 2, a daidai lokacin da jikin ya daina yaƙi ya fara neman kayan gini, lokacin da furotin ɗin Yaya zai yi amfani kenan, sai ya zama babu mai shiga.

Maman yara ce ta koma ta nemo jami'ar abincin nan har ofishinta da littafinta a hannu. Matar tazo ta duba gwajin ƙodata ta ga ta dawo daidai, tace to yanzu ne lokacin ci. Tace a manta da cin sau uku, a koma sau shida ko bakwai kaɗan kaɗan, kuma duk abinda za'a bani a fara da mai furotin kafin ciki ya rufe, ƙwai, madara, kifi, nama mai laushi, wake da aka dafa ya nuna sosai, kar a cika min ciki da ruwan shayi ko romo zalla. Ta ƙara da madarar asibiti ta musamman tsakanin abinci da kuma kafin barci, tace kuma duk sanda na gama motsa jiki a bani wani abu a lokacin, dan tsokar da aka tasa ita ce ke karɓar abinda aka kawo mata. Ta faɗi wata magana da na riƙe, tace Malam ka ɗauki abincin nan kamar allurarka, allura ba'a jira sai an ji sha'awarta. Akwai daren da nake haɗiya ina hawaye dan tashin zuciya, maman yara na riƙe da kofi tana cewa Abban yara saura kurɓa biyu, daure.

Motsin ma muka mayar da shi namu. Fisiyo ya rubuta mana a takarda, mu kuma muna yi safe da rana da yamma ko yazo ko bai zo ba. Matse cinya a kan gado sau goma. Ɗaga ƙugu. Zama a kujera lokacin cin abinci maimakon a kishingiɗe. Tashi daga bakin gado da mutum biyu, sannan da mutum ɗaya, sannan da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu. Ranar da na taka daga gado zuwa ƙofar ɗaki, taku 11 ne, ta rubuta shi ta zagaye da biro. Makin nan ya tashi daga 36 zuwa 44, ranar sallama 51. Sati uku nayi a wannan ɗakin.

Gida kuma wani babi ne da ba wanda ya shirya ni. Mutane na zuwa sannu suna cewa ai ka warke sai godiya, ni kuma in na shiga banɗaki na tsuguna bana iya tashi sai an ɗago ni, matakala uku sai na huta, wanka kaɗai yana cinye min ƙarfin safiya. Nauyi ya fara dawowa da wuri, cikin wata uku na kai kilo 72 kowa na murna, amma da na kalli madubi ciki ne ya fito ƙafafun na nan a tsinke. Kitse ke riga tsoka dawowa, shi baya buƙatar komai sai ci da zama. Fisiyo da na koma wajensa yace tafiya kaɗai bazata wadatar ba sai tsokar ta ji nauyi, ya haɗa ni da robar ja, da tashi-zauna daga kujera ba tare da dafa hannu ba, da hawa matakala ɗaya a sauko, kwana uku a sati, duk sanda abu yayi sauƙi a ƙara masa. A nan Yaya ya shigo da ƙarfinsa, shi ke zuwa yana ƙirga min, kuma wannan karon da izinin likita har garin nasa na sha.

Akwai watannin da raina ya ɓaci sosai, bana son ɓoye wannan. Barci ya ƙi, in na rufe ido sai ƙarar injin, abu kaɗan in manta, in zauna shiru bana son magana da kowa, kuma duk ranar da zuciyar ta kwanta to ranar ba ci ba motsi. Sai da na faɗa wa likita aka haɗa ni da mai ba da shawara sannan abun ya fara sauƙi. A wannan zaman ne na shiga karance-karance a waya ina neman ko ni kaɗai ne, na tarar da aikin wasu likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada da suka bi mutanen da suka tsira daga mummunan ciwon huhu har shekara biyar, a 2011 suka fitar da cewa huhun yawancinsu ya dawo kusan daidai amma tafiyar da suke iya yi cikin minti shida bata wuce kashi 76 cikin 100 na abinda ake tsammani ga sa'anninsu ba. Na ji tsoro da na karanta, na kuma ji sanyi a lokaci guda, dan na gane ba lalaci bane ke damuna kamar yadda na fara zargin kaina.

Na koma aji bayan wata bakwai. Ranar farko na ɗaga hannu zan rubuta kwanan wata a saman allo kafaɗa ta ƙi kaiwa, na rubuta a tsakiya, na koyar a zaune rabin darasin. Sai a wata na 14 na fara jin ƙafafuna sun zama nawa, in hau bene ba tare da na lissafa matakalar ba, in ɗauki autarmu daga ƙasa in miƙe da ita. Gwajin ƙarshe da aka min hannun dama ya matse kilo 38, nauyina 76. Ƙafar hagu har yanzu tafi saurin gajiya, da yamma yatsunta na min wani dindiris, ƙwallo kuma ban koma ba tukuna, likita yace in ƙara wata uku ina tashi-zauna da nauyi a hannu sannan mu sake dubawa.